Shekarar da Na Kai Ummi Gidan Iya Delu

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da Ya san abin da ke cikin zuciya tun kafin baki ya furta. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Gusau, na rubuta aurena da babanku da tafiyarmu Riyad, duk alƙalami na gudu, amma da na iso nan sai in tashi in hau gyaran ɗakin da ba ya bukatar gyara. Ku mazan ƙanana ne a lokacin, abin da kuka riƙe kawai shi ne mun bar gida mai kyau mun koma wani tsohon gida a unguwar Aziziya da ke warin albasa. Yayarku Ummi kuwa shekararta goma sha uku, ta riƙe komai, kuma abin da ta riƙe gaskiya ne. Ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina, da inda na yi daidai da inda na kuskure.

Kafin komawarmu, muna da wata ƙungiya ta matan likitoci da injiniyoyi 'yan Nijeriya. Duk azumi mukan yi girki, mazajenmu su ɗauke mu a mota, don a shekarun nan mace ba ta tuƙi a ƙasar, mu gangara kudancin gari inda 'yan uwanmu masu ƙaramin ƙarfi suke zaune a bayan babbar kasuwar kayan gwari. A buɗe bayan mota, a miƙa abinci, a yi mana addu'a, mu juya kafin a sha ruwa. A cikinmu akwai wata ma'aikaciyar jinya mai karɓar haihuwa, 'yar Zariya, mijinta ya daɗe da rasuwa, muna ce mata Anti Rabi. Ba ta da yawan magana. Wata rana muna hanyar dawowa, kowa na jin daɗin aikin lada, sai ta tambaye mu ko akwai wadda ta san sunan matar da muka miƙa wa kular abinci ta ƙarshe. Babu wadda ta sani. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma shekara shida ke nan tana miƙa wa wannan matar abinci.

Bayan Salla ta zo har gida ta same ni. Ta ce ta taɓa karanta labarin wasu mata na zamanin da, a wata ƙasa, masu ilimi da rufin asiri, da suka bar unguwanninsu suka tare a cikin ma'aikatan masana'antu, ba ziyara ba, zama, har suka zama maƙwabtansu. Na ce ai addininmu ya riga su faɗin haƙƙin maƙwabci. Ta ce haka ne, amma mu mun zaɓi maƙwabtan da ba sa bukatar komai. Ta riga ta samo gida mai hawa biyu a wani lungu na Aziziya, sai dai mai gidan ya ce ba ya ba mace ita kaɗai, sai da iyali. Ta ce in mun ɗauki sama, ita za ta zauna a ƙasa, babban ɗakin baƙi kuma ya zama na matan unguwa: mai takardar asibiti da ba ta iya karantawa ta kawo, mai fita aiki ta ajiye yaronta, mai son koyon baƙi ko boko ta zo bayan la'asar, mai ciki a auna mata jini. Na yi kwana uku ina juya maganar. Babanku bai ba ni wahala ba, don masana'antar robar da yake aiki tana Birnin Masana'antu na Biyu, Aziziya ta fi masa kusa. Abin da ya ce kawai shi ne in tuna yara suna da nasu rayuwar. Ummi ta bar ƙawayenta na bene ɗaya, motar makaranta ta koma ɗaukarta tun gari bai gama wayewa ba. Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki ta rufe.

Lungun namu gida takwas ne, biyar na Hausawa. Mazan direbobi ne da masu dako a kasuwa. Matan kuma suna da wata sana'a da ban taɓa sanin ana yi a Riyad ba. In kasuwa ta tashi, mazan sukan kawo kwalayen kayan gwarin da ba a saye ba, matan su zauna su tsince na kirki, su yanka, su shanya a saman rufi. Ranar garin ba ta wasa, kwana biyu tumatir ya bushe ƙayau. Kuɓewa, barkono, tumatir, duk su ɗaura a leda, 'yan gida masu kewar miyar gida su saya. Babbar su ita ce Iya Delu, 'yar Haɗeja, gajeriya mai kaifin ido da kaifin baki. Ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfi, zama ya kama ta, ɗanta ya girma ya zama direban babbar motar kaya. A gida ungozoma ce, a lungun ma kusan duk yaran ita ta yi wa wankan farko. In Iya ta shiga gida, matan lungu sun shiga. In ta ɗauke ƙafa, sun ɗauke.

Makon farko abin ya yi kyau. Sun zo mana barka da tarewa, suka dudduba ɗakin, Iya ta taɓa na'urar awon jini da ɗan yatsa ta ce wannan ce ke gaya wa mutum yana da rai? Aka yi dariya. Tare da ita akwai surukarta Hassana, yarinya mai sanyin hali, da ciki wata shida. Bayan sun fita Anti Rabi ta ce mini ba ta son yadda zoben yarinyar ya nutse a yatsarta, da yadda fuskarta ta cika. Ta ce wannan sai an riƙa aunawa duk mako, don hawan jinin masu ciki ba ya sallama, in ya kai ga jijjiga ana iya rasa uwa da ɗa a wuni guda. Ta ce za ta bi a hankali, kada Iya ta ga kamar an zo ƙwace mata aiki.

Ni ce na ɓata wannan bi a hankalin. Ranar Juma'a na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na zuba a kwanona mai kyau na aika gidan Iya. Da yamma Hassana ta dawo da kwanon a wanke, an cika shi da busasshiyar kuɓewa da tumatir. Na duba na ga wannan ai abin sayarwarsu ne, wahalar rana ce, zuciyata ta karye. Na ce mata haba Hassana, mayar wa Iya, ku da kuke sayarwa ku ci abinci, ni domin Allah na yi. Har na ɗora mata dabino a kai. Ta tsaya kamar za ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai ta tafi. Na shiga gida ina ganin na kyauta.

Ku sani ni ba baƙuwar al'ada ba ce. A Gusau mahaifiyata ba ta taɓa mayar da kwanon maƙwabciya fanko ba, ko ƙwayar goro ce sai ta sa, kuma ba ta taɓa ƙin abin da aka sako mata ba. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma shekara goma sha biyu a benen da ba ka san na kusa da ƙofarka ba, da shekarun miƙa abinci ta bayan mota, sun sa na daina ganin waɗannan matan a matsayin masu bayarwa. Juma'ar da ta biyo na sake aikawa. Kwanon ya dawo da tuwona a ciki, ko taɓawa ba a yi ba. Wata maƙwabciya ce ta kawo, tana ta kauda ido.

"Iya ta ce a gaya miki gidanta gida ne, ba bakin masallaci ba."

Daga ranar ɗakinmu na ƙasa ya zama kango. Mun shimfiɗa tabarmi, mun jera alluna, babu ko mace ɗaya. A lungu za a gaisa da mu cikin mutunci, a wuce. Anti Rabi ta je ƙofar Iya sau uku. Kullum a tarbe ta da fara'a a bakin ƙofa, a ce Hassana na barci. A na ukun Iya ta ce mata ta karɓi haihuwa tun kafin a haifi likitocin da suka koyar da ita, kumburin ƙafa kuma ba baƙon mai ciki ba ne. Babanku ya tare mijin Hassana a masallaci, shi kuma ya ce maganar mata ce, Iya ta fi shi sani, gobe ma yana da lodin kaya zuwa garin Dammam. Na je ban haƙuri da turmin atamfa a hannu, wanda ya ƙara dagula lamarin, don ta ce in ajiye wa mabukata. Sai na yi wata dabara ta yara. Na ɗauki ɗan kofi na je aron gishiri. Iya ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Matar injiniya, gishirin kamfani ya ƙare ne? Ga kanti can, taku goma."

Ta ɗebo ta zuba mini duk da haka, ta ce kada in dawo da komai, ita domin Allah ta yi. Na dawo gida kunnuwana na zafi. Da na ba Anti Rabi labari sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nutsu. Ta ce wata guda ya wuce, ta hango Hassana a saman rufi, silifa ma ba ya shiga ƙafarta.

"Maman Ummi, ki daina neman abin da za ki ba su. Me suke da shi wanda ke ba ki da shi, kuma da gaske kina so?"

Na ce ba na jin akwai. Ta ce to ai shi ne ciwon.

Amsar ta zo mini ne ranar da na kira gida. Kun san sunan mahaifiyata aka sa wa yayarku, shi ya sa muke ce mata Ummi. Duk sanda na kira sai Inna ta ce a ba ta takwararta. Ummi za ta karɓi wayar ta ce na'am, lafiya, na'am, ta dube ni da ido na neman ceto, ta miƙo mini. A Riyad aka haife ta. Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, Turanci babanku ya tsaya mata, Hausa kuwa tana jin rabi, ba ta iya mayarwa. Laifina ne, don in na yi mata magana ta amsa da Larabci sai in bi ta, ya fi sauƙi. A ranar Inna ta tambaye ni a hankali ko takwarar tata ba ta sonta ne. Na ce wayar ce ba ta da kyau. Na ajiye na shiga banɗaki na yi kukana. Wannan ciwo ne da na daɗe ina ɓoyewa, ko matan ƙungiyarmu ban taɓa gaya wa ba, don nasu 'ya'yan ma haka suke kuma ba su ɗauke shi komai ba. A lungun nan kuwa yara na faɗa da Hausa, suna zagi da Hausa, suna wasa da Hausa.

Na yi istihara. Amma ba zan ɓoye muku ba, tun ina kan sallaya tunani biyu ne a zuciyata. Ɗaya, 'yata ta sami harshen kakarta. Ɗaya kuma, in tana shiga gidan kullum, zan san halin da Hassana ke ciki. Da na kai wa babanku maganar sai ya tambaye ni.

"Koyo za ki tura ta, ko ta gano miki?"

Na ce duka biyun.

"To ki gaya mata duka biyun."

Na ce to. Ban gaya mata ba. Na ji tsoron in ta sani za ta ƙi, ko fuskarta ta nuna, Iya ta gane. Na ce wa kaina yarinya ce, ba sai an ɗora mata nauyi ba. Na gaya mata rabin da ya shafi Inna kawai. Ta ce da Larabci ita ba ta son gidan, ƙudaje sun yi yawa. Na ce wata ɗaya kawai.

Na sami Iya a saman rufi da hantsi, tana zaune a inuwar tankin ruwa, faifai da buhuna shimfiɗe ko'ina, jan tumatir da koren kuɓewa. Ban kawo komai a hannu ba. Na gaishe ta na zauna a ƙasa, ba ta ce in tashi ba. Na ce na zo roƙo ne, na gaske wannan karon. Na haifi 'ya na kasa ba ta harshena, uwata na can tana zaton jikarta ba ta sonta, ni kuma na yi iya yina a gida abin ya ƙi. Iya ta ci gaba da yanka.

"Ba a zaman gimbiya a gidana. In ta zo wuƙa za ta ɗauka."

Na ce shi na kawo ta ta yi.

"In ta yi ba daidai ba zan zage ta."

Na ce in dai da Hausa ne, Iya, ki zage ta da kyau. Sai ta yi dariya, karo na farko tun ranar tarewa, ta ce ashe matar injiniya na da baki. Da zan tafi ta ƙulla mini kuɓewa a leda. Na karɓa da hannu biyu.

Haka Ummi ta fara zuwa, daga la'asar zuwa gab da magariba, ranar da babu makaranta kuma da safe. Kwanakin farko da kuka take dawowa. Kuɓewa na sa mata ƙaiƙayi, barkono na ƙona mata yatsu, abayarta na warin tumatir. Iya ta raɗa mata suna Balarabiyar Gusau, in ta yi Larabci sai ta ce ita kunnenta na hagu ne ke jin wannan kuma ya toshe. Labari ya kai wa tsofaffin ƙawayena, aka ce na kai 'yata aikatau don a ce ni ta Allah ce. Biyu daga cikinsu ba su ƙara kirana ba har muka bar ƙasar. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da nake jira shi ne dawowarta. Nakan zaunar da ita a gefen gado in ɗauko man zaitun in riƙa shafa mata a hannu, yatsa bayan yatsa, ina tambayarta me ta koya yau, me Iya ta ce, wa ya zo. Tana faɗa, tana kwaikwayon muryar Iya, har ta fara dariya. Tun tana ƙarama ba mu taɓa zama haka ba, ni da ita. A tsakiyar hirar sai in sako tambayata kamar ba komai: ya Hassana, ta ci abinci, ta hau rufi yau? Ta amsa da zuciya ɗaya. In ta fita sai in sauka ƙasa in gaya wa Anti Rabi.

Mako na uku, ranar Asabar, ta tafi da safe, sai ga ta ta dawo kafin azahar wai Iya ta aiko ta a ba ta ƙanƙara. Ina ɗebowa na tambaye ta ta mece ce. Ta ce Hassana ce ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, tana cewa wani haske na gilma mata a ido, ta yi amai sau biyu, kuma yau Iya ba ta tsokani kowa ba. Allah Ya sa Anti Rabi na gida. Ban gama faɗa ba ta ɗauki jakarta, ta ce in kira babanku ya tayar da mota. Muka fita, Ummi na bayana da robar ƙanƙara. Iya ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi jakar Anti Rabi, ta dube ni, ta leƙa ta dubi yarinyar.

"Ashe 'yar aike aka kawo mini."

Mako uku baya, da Ummi ba za ta gane wannan maganar ba. A ranar ta gane. Na ji numfashinta a bayana ya canja, ban iya waiwayawa ba. Na zaci Iya za ta rufe ƙofa. Sai ta matsa gefe, ta ce mu shigo, ta ga irin wannan sau biyu a Haɗeja kuma duka biyun ba ta son tuna ƙarshensu. Ashe tun asuba hankalinta a tashe yake, girma ne ya hana ta aikowa, ƙanƙarar nan ma ina zaton ita ce iyakar abin da ta iya. Anti Rabi, Allah Ya saka mata, ba ta shiga da isa ba. Ta durƙusa tana aunawa tana tambayar Iya yaushe ciwon kan ya fara, yaya kwanciyar ɗan, me ta ba ta, kamar abokiyar aikinta. Da ta ga abin da na'urar ta nuna ba ta faɗa da ƙarfi ba. Ta ce Iya, ke za ki riƙe ta a bayan mota, ke ta sani. Kafin la'asar an yi wa Hassana aiki a asibiti. Aka ciro 'ya mace, ƙarama kamar ɗan tsako, ta yi makonni a kwalba. Uwa da 'ya duka suka rayu. Likitan ya gaya wa Anti Rabi da an ƙara wuni da labarin ya bambanta.

Bayan suna ɗakinmu na ƙasa ya cika. Iya da kanta ta kawo matan, ta karɓe kula da yara, ta ce mu ba mu iya goyo ba. Ranar awo takan zauna kusa da Anti Rabi, ɗaya na duba na'ura ɗaya na duba ido da tafin hannu, suna musu suna dariya. Matan suka tsara wa za ta yi shara, wa za ta raka mara lafiya asibiti, wa za ta dafa wa mai jego. Ni aka ba ni karatun baƙi da cike takardu, kuma Iya ba ta fasa aikena ba kamar kowa. Da kwantiragin Anti Rabi ya ƙare ta koma Zariya, mu ma muka dawo, su suka ci gaba da riƙe ɗakin. Don haka in kun ji ana cewa mahaifiyarku ce ta kafa gidan mata a Aziziya, ku gyara wa mai faɗa. Anti Rabi ce ta yi tunanin, Iya Delu ce ta ba shi rai. Ni na kusa kashe shi da kwano ɗaya.

Yanzu sauran abin da ya fi wuyar rubutawa. A yammacin ranar asibitin, da muka dawo, na ɗauko man zaitun kamar kullum na kira Ummi. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannayenta a bayanta. Ta tambaye ni da Larabci ko tun farko na san abin da nake yi. Na ce na sani. Ta tambaya ko babanta ya sani, na ce shi cewa ya yi in gaya miki. Sai ta faɗi magana da Hausa, cikakkiya, wadda ita ce ta farko da ta taɓa yi mini ba tare da ta haɗa da wani harshe ba.

"Da kin tambaye ni, Mama, da na je."

Na ce ta yi haƙuri, na ce an ceci rai biyu, na ce ba sai ta koma gidan ba tunda bukata ta biya. Wannan na ƙarshen bai kamata in faɗa ba. Washegari da kanta ta sa abaya ta tafi wurin Iya. Ban san abin da suka tattauna ba har yau. Iya dai ta ce mini yarinyar ta fi uwarta hankali, ta bar maganar a nan. Ummi ta ci gaba da zuwa shekara biyu, ba don na ce ba. Ta iya yanka kuɓewa ba tare da ta duba ba, ta iya Hausar Haɗeja har da karin maganarsu. Kafin Inna ta rasu sun yi hira a waya wadda ni ce ke gajiya da jira, ina jin dariyar tsohuwar daga nesa. Wannan na samu, kuma ina gode wa Allah a kansa kullum. Amma ba ta ƙara kawo mini labarin gidan Iya ba, ko na wa ya zo ko na me aka ce. A hankali ta daina kawo mini nata ma. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa ƙin aikena ba. Yanzu tana ɗakinta da 'ya'yanta, duk Juma'a sai ta kira ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi magani, ta aiko da abin da ban roƙa ba. In na ce ke fa, ya kike, sai ta ce lafiya lau, Mama. Na san akwai shekarar da ta sha wuya a gidan aurenta, daga bakin ɗayanku na ji.

Na auna abin nan shekaru da yawa a kan sallaya. Ba na nadamar Hassana, 'yarta tana nan tana zuwa makaranta, ana turo mini hotonta. Amma ba zan ce muku ceton rai ya wanke ni ba, don ba dole ne sai da ɓoyo za a cece shi ba. Na raina zuciyar 'yar shekara goma sha uku, kamar yadda na raina kuɓewar Iya, kuma duka biyun da tausayi na yi. Ku kiyayi irin wannan tausayin, yana da daɗi a bakin mai yinsa.

Ummi, na san za ki karanta wannan, ƙannenki za su miƙo miki. Na ce wa mai bugawa ya bar shafi biyu farare bayan wannan babin, kada ya sa komai. Naki ne. Ki rubuta yadda shekarar ta kasance a wurinki, da kowane harshe kika ga dama, ko ki bar su haka. In kin rubuta, ba zan buɗe ba sai kin ce in buɗe.